Kuskure a Rahoton 'Yan Sanda Bayan Haɗarin Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin direbobi ba sa ganin rahoton haɗarin da suka yi sai ranar da kamfanin inshora ya ƙi biya, ko ranar da aka karanta shi a gaban majistare. A lokacin an share kwalta, an gyara motoci, shaidu sun watse. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi yadda aiki ke tafiya a Najeriya, musamman jihohin Arewa.

Wace takarda ce ake kira rahoton 'yan sanda?

Ba takarda ɗaya ba ce, kuma sanin haka shi ne rabin aikin. Idan haɗari ya kai caji ofis, sashen kula da zirga-zirgar motoci, wato MTD, shi ke buɗe fayil. A cikin fayil ɗin akwai abin da aka shigar a littafin ofis lokacin da aka kawo ƙara, da bayanin kowane direba da na shaidu, da taswirar wurin da abin ya faru, da rahoton jami'in duba motoci, VIO, kan lafiyar motocin, da takardar asibiti idan an ji rauni. Daga waɗannan ne ɗan sanda mai bincike, IPO, yake tsamo rahoton da ake ba kamfanin inshora. Idan za a kai magana kotun majistare kuma, daga nan ake rubuta takardar shigar da ƙara gaban kotu, wato FIR.

Saboda haka idan ka ga kuskure a rahoton ƙarshe, tambayar farko ita ce daga wace takarda ya taso. Kuskuren mai buga takarda daban, kuskuren da ke cikin taswira tun ranar farko daban. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, su ma suna cika nasu fom idan sun je wurin, kuma sau da yawa su ke riga kowa isa a manyan hanyoyi. Rubutunsu yakan zama ma'aunin da za a gwada na 'yan sanda da shi.

Yaya zan sami kwafin rahoton?

Ka rubuta takardar neman kwafi zuwa ga DPO, ta hannun shugaban sashen zirga-zirga na ofishin, DTO. Ka sa ranar haɗarin, wurin, lambobin motocin da sunan IPO. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ka koma gida da shi. Wannan ɗabi'ar ta kwafi biyu za ka riƙe ta a duk takardar da za ka kai daga yau har a gama.

Idan kotu za ka kai takardar, ka nemi kwafin da aka tabbatar. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce sai an rubuta a jikinsa cewa kwafin gaskiya ne, da kwanan wata, da sunan jami'in da muƙaminsa, bayan an biya kuɗin da doka ta yanka. Fotokwafi kawai lauyan ɗaya ɓangaren zai iya sa a ƙi karɓarsa.

In an yi ta "je ka dawo", akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Amma dokar ta yarda a hana bayanin da zai kawo cikas ga binciken da ba a kammala ba, don haka kada ka ɗauka dole a ba ka bayanin shaidun wani. Naka bayanin da taswirar da ka sa wa hannu su ne abin da ya fi sauƙin nema.

Me zan duba idan na karɓa?

Ka ajiye lasin tuƙinka, takardun mota da takardar inshora a gabanka, ka bi rahoton layi-layi da biro. Kada ka karanta shi kamar labari.

Lambar mota ita ce kan gaba wajen kuskure. Tsarin da ake amfani da shi yanzu haruffa uku ne na ƙaramar hukuma, lambobi uku, sai haruffa biyu, kuma a rubutun hannu 8 takan zama B, 5 ta zama S, 1 ta zama 7. Lambar shasi tana da gurbi 17 kuma babu harafin I, O ko Q a cikinta, to in ka ga ɗayansu ka san an yi kuskure. Sai kwanan wata, inda 03/04 kan koma 04/03. Sai lokaci: ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 7 na dare ba ɗaya ba ne ga wanda ake zargi da rashin kunna fitila. Sai sunan titi da inda kowace mota ta nufa, da adadin mutanen da ke ciki, da wanda ke kan sitiyari. Ana yawan rubuta mai mota a matsayin direba alhali yaronsa ne ya tuƙa.

Ka kula sosai da ɓangaren da aka ce motar ta bugu. Mai rubutu yana tsaye a gaban mota yana fuskantarta, damansa shi ne hagun motar. Kalma ɗaya a nan tana juya labarin gaba ɗaya, domin ita ke nuna wa ya shigo wa wani. Idan za ka gyara, ka rubuta "ɓangaren direba" ko "ɓangaren fasinja", ka bar hagu da dama.

Duk kuskure ne ake gyarawa?

A'a. Iri biyu ne, kuma hanyarsu ta bambanta.

Na farko shi ne wanda takarda za ta warware: suna, lamba, launin mota, kamfanin inshora, rana. Babu ɗan sandan da ke da wani abin karewa a nan. Ka nuna hujja, a gyara.

Na biyu shi ne wanda ake jayayya a kansa: wa ya tsallake danja, wa ya bi hannun da ba nasa ba, gudun nawa ake yi, wa ke da laifi. A nan da wuya mai bincike ya goge abin da ya rubuta don kawai ka ce ba haka ba ne, balle ya canja abin da shaida ya faɗa. Abin da za ka nema shi ne a karɓi ƙarin bayaninka da hujjojinka a sa su cikin fayil, a kuma sake duba sakamakon. Mutane da yawa suna haɗa iri biyun a takarda ɗaya, su cika ta da zargi, sai a ƙi duka. Ka raba su. Ka fara da mai sauƙin, domin rahoton da aka riga aka amince akwai kuskure uku a cikinsa ya fi sauƙin a sake dubawa.

To, mene ne matakan gyara irin na farko?

Ka fara zuwa wurin IPO da kanka, cikin ladabi, ka nuna masa wurin. Sau da yawa shi zai gaya maka yadda ofishinsu ke so a rubuto. Daga nan ka rubuta wa DPO. Aikin ofis da Turanci ake yi, don haka in ba ka rubutu da shi ka sa wanda ka amince da shi ya rubuta, ya karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Ga kowane kuskure ka faɗi abu uku: shafi da layin da yake, abin da aka rubuta, da abin da ya kamata a rubuta. Misali: "A shafi na 1, layi na 6, an rubuta cewa motar ta bugu a ƙofar baya ta ɓangaren fasinja. Daidai shi ne ƙofar baya ta ɓangaren direba, kamar yadda hoto na 2 da rahoton VIO suka nuna."

Ka liƙa fotokwafin hujja, ka riƙe na asali a hannunka don nunawa kawai. Kada ka bar ainihin takardar mota ko lasin a ofis ba tare da an ba ka shaidar karɓa ba.

Gyaran yakan zo ta ɗayan hanya biyu: a sake buga rahoton, ko a ba da takardar ƙari da ke nuni ga na farko. Ko wanne aka yi, ka tabbata akwai sa hannu, hatimi, kwanan wata da lambar fayil. Gyaran da aka yi da biro a kan tsohuwar takarda ba tare da jami'in ya sa hannu a gefensa ba ya fi kuskuren illa, domin za a zaci kai ka yi. Bayan haka ka aika sabon ga duk wanda tsohon ya riga ya je wa. In bayan mako guda shiru, ka sake rubutawa kana ambaton ranar takardar farko.

A lasin sunana Abubakar, a rahoto an rubuta Garba. Wannan ma matsala ce?

Ƙwarai kuwa. A unguwa kowa ya san Garba shi ne Abubakar, Shehu shi ne Usman, amma ma'aikacin inshora da ke duba fayil a Legas mutum biyu yake gani. Haka rubutun Muhammad da Mohammed, ko a sa sunan gari a gurbin sunan uba. Ka nemi a rubuta sunan daidai da yadda yake a lasin tuƙi da katin NIN, harafi da harafi. Idan takardunka ne da kansu suka saɓa wa juna, ka yi takardar rantsuwa a Babbar Kotu cewa sunayen duk naka ne, ka haɗa.

Akwai wani abu kusa da wannan da ba laifin 'yan sanda ba ne. Ka sayi mota hannu na biyu, ba ka sauya mallaka ba, takardu da inshora duk suna ɗauke da sunan wanda ya sayar maka. Rahoto zai bi abin da takarda ta nuna. Abin da zai taimake ka shi ne takardar cinikin da kuka yi, a rubuta a fayil cewa motar ta koma hannunka tun ranar kaza.

Abin da aka rubuta a bayanina ba shi na faɗa ba, kuma na riga na sa hannu. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba, amma aikin ya ƙaru. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cutar da masu magana da Hausa. Direba na zaune jikinsa na rawa, yana ba da labari da Hausa, ɗan sanda na juya shi zuwa Turanci a kan fom yana taƙaitawa. Direba ya ce bai ga mai babur ba sai da ya faɗo masa daga bayan tirela, a takarda ya koma cewa bai lura da hanya ba. Ya ce wa wanda ya ji ciwo "yi haƙuri", kamar yadda kowane ɗan mutunci zai yi, a rubuta ya amsa laifi. A ƙarshe a miƙo biro ko a ce ya dangwala.

Doka ta tanadi kariya a nan. Sashe na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ce wanda ake zargi yana iya ba da bayani a gaban lauyansa, ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko wani da ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci, tafinta ne zai rubuta ya karanta masa har ya fahimta kafin ya sa hannu, tafintan ma ya sa nasa sunan. Jihohi suna da nasu kwatankwacin dokar, Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019. Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashe na 35, ya ba wanda aka tsare damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa.

Idan ka riga ka sa hannu, ka koma da wuri ka ce za ka ba da ƙarin bayani. Ba za a yaga na farko ba, kuma kada ka nemi a yaga. A sabon ka faɗi jimlar da ba daidai ba, abin da ka faɗa a zahiri, yaren da ka yi magana da shi, ko an karanta maka ko ba a karanta ba, da halin da kake ciki a lokacin. In daga gadon asibiti aka ɗauki bayanin bayan an yi maka allurar kashe zafi, ka faɗa, katin asibiti zai nuna lokacin. Ƙarin bayanin da aka yi bayan kwana biyu yana da nauyi. Wanda aka yi bayan wata huɗu, bayan inshora ta ƙi biya, kowa zai ce dabara ce.

Taswirar wurin haɗarin fa?

Ita ce zuciyar fayil, kuma ita mutane suka fi sa wa hannu ido rufe. A al'ada ana zana ta a wurin, direbobin biyu su sa hannu. Ya kamata ta nuna faɗin titi, inda kowace mota ta tsaya, inda aka yi karon, tsawon sawun birki, da wani abu tsayayye da aka auna daga gare shi, kamar turken lantarki ko bakin kwalbati. Taswirar da ba ta da irin wannan mafarin ba za a iya komawa a gwada ta ba.

Abu biyu suka fi lalacewa. Na farko wurin karo. Inda motoci suka tsaya ba nan suka haɗu ba, kuma sau da yawa jama'a sun riga sun tura su gefe don a buɗe hanya kafin mai zane ya iso. Abin da ke nuna wurin karo shi ne karcen da ƙarfe ya yi a kwalta, da busasshiyar ƙasar da ta zubo daga ƙarƙashin mota, da inda sawun taya ya karkata farat ɗaya. Fasasshen gilashi ba shi da tabbas sosai, domin yana tafiya gaba da gudun motar.

Na biyu awo. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, a busasshiyar kwalta, tana jan birki kusan mita 14. Mai gudun 100 tana jan kusan mita 56, domin in gudu ya ninka sau biyu, tsawon birki ninkawa yake sau huɗu. Mita 14 kusan ƙafa 46 ce. To idan aka auna da ƙafa aka rubuta 46 a matsayin mita, lissafi zai nuna kana gudun wajen kilomita 90 a cikin gari, inda ƙa'ida ta tsaya a 50. Ka duba da me aka auna. Ka duba ko an rubuta cewa titin na da yashi, ruwan sama ko gangara, domin duk suna tsawaita birki. Mota mai birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa, kuma sawunta ba ya fitowa sosai, don haka rashin sawu ba hujja ba ce cewa ba ka taka birki ba.

In ba ka yarda da taswira ba tun a wurin, kana iya rubuta abin da ba ka yarda da shi ba a gefe kafin ka sa hannu. In daga baya ka gano, ka nemi DTO ya sa a sake ziyartar wurin da ku duka.

Rahoton ya ɗora min laifi. Na faɗi ke nan?

A'a. Ɗan sanda ba alƙali ba ne. A kotu, abin da mai bincike ya gani da idonsa ya auna shaida ce, amma abin da wasu suka gaya masa ji-ta-ji-ta ne sai masu maganar sun zo da kansu an yi musu tambayoyi. Alƙali na iya ajiye ra'ayin rahoton gefe in hujja ta nuna akasinsa.

Sai dai kada wannan ya sa ka sake jiki. Mafi yawan maganganun haɗari ba sa kaiwa ga hukunci. A teburin inshora ko a zaman sulhu suke ƙarewa, kuma a can rahoton ne kowa ke riƙewa.

Wace hujja ce ke sa a sake dubawa?

Wadda ba ta dogara da bakinka ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, domin kusan duk hujjar haɗari mai gushewa ce.

Kyamarar gidan mai, banki ko babban shago tana goge tsohon hoto da kanta, wata cikin 'yan kwanaki, wata 'yan makonni. Ka je a rana ta farko ko ta biyu ka roƙi a adana, ka kuma rubuta wa IPO ya nema a hukumance. Hotunan waya ka bar su a wayar da ta ɗauka. Wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanin rana da lokacin da ke ɓoye a cikinsa, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayanin na'urar da ta samar da hoton kafin kotu ta karɓa.

Shaidu kuma, waɗanda ke zaune a wurin kullum sun fi amfani: mai shayi, mai faci, mai gadi, ɗan kamasho. Su za ka sake samu, kuma ba su da dangantaka da kai. Shaidar matarka ko yaron motarka ana karɓa, amma ba a ba ta nauyi ɗaya. Ka kai shaida ya ba da bayani da bakinsa, kada ka tsara masa.

Motar kanta shaida ce, don haka kada ka kai ta garejin gyara kafin VIO da mai ƙiyasin inshora su gani. Fentin ɗaya motar da ya manne a jikin taka yana nuna wurin haɗuwa da tsayinsa. In an ce ba ka kunna fitila ko sigina ba, kada a jefar da ƙwan, kada kuma a gwada kunnawa: a ƙwai irin na da mai siririyar waya a ciki, wayar da ke da zafi lokacin bugu takan miƙe ta lanƙwashe, mai sanyi kuwa karyewa take. In an ce tayarka ta tsufa, lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2321 na nufin mako na 23 na 2021. In VIO ya rubuta birki ba ya aiki, ka tambaya ko ya bambance lalacewar da ta riga haɗarin da wadda haɗarin ya jawo, domin bututun man birki yakan fashe a karon kansa.

An rubuta babu wanda ya ji rauni, amma washegari na kasa juya wuyana.

Wannan yana faruwa sosai. Ciwon wuya da baya yakan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku. Bugun kai da zubar jini a ciki su ma suna iya ɓoyewa da farko, don haka amai, jiri, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci ko ciwon ciki bayan haɗari abin gaggawa ne, ba na jiran rahoto ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Ka gaya wa likita cewa haɗarin mota ne, da ranarsa, ya rubuta a kati. Ka ajiye hoton ƙashi da duk rasit. Sannan ka kai rahoton likita ga IPO a ƙara a fayil. Idan ka fara zuwa wurin mai ɗori ka yi makonni kafin asibiti, za a ce raunin daga wani wuri ya fito.

In jira a gyara kafin in sanar da kamfanin inshora?

Kada ka jira. Takardar inshora tana da sharaɗin sanarwa cikin gaggawa, kuma jinkiri kaɗai na iya zama dalilin ƙin biya. Ka sanar a rubuce, ka ce akwai kuskure kaza a rahoton kuma ka nemi gyara, ka liƙa kwafin takardarka mai hatimi.

Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna zuwa naira 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Lamba ɗaya da ta kauce a rahoto za ta sa ba a ga motar a rumbun bayanan inshorar motoci, NIID, ba, a ce ba ta da inshora. Ka duba lambar ɗaya motar a can da kanka. Wani lokaci rahoton daidai yake, takardar inshorar ce ta bogi.

An ƙi gyarawa, ko an ƙi karɓar takardata ma.

Ka hau mataki-mataki, kowane da kwafin na baya: DPO, sai Kwamandan Yanki, sai Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, wanda ke da ikon ɗauke fayil daga ofishin ya ba wasu masu bincike. In ofis ya ƙi buga hatimin karɓa, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit. Idan abin ya wuce sakaci ya zama son kai ko neman kuɗi, akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofis a kowace jiha, wadda ba ta duba abin da ya wuce wata 12. Wanda ke tunanin kai jami'i ƙara kotu ya ga lauya da wuri, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar.

A takardar ƙorafi ka faɗi abin da ya faru da ranakunsa. Kada ka rubuta cewa an sayi ɗan sanda in ba ka da hujja.

Wani ya ce in ba da na goro a gyara min cikin dare ɗaya.

Kada ka yi. Ba da cin hanci laifi ne kamar karɓarsa, kuma rahoton da aka canja ta bayan fage yana saɓa wa littafin ofis, da taswira, da fom ɗin FRSC, da kwafin da ɗaya ɓangaren ya riga ya karɓa. Ranar da aka jera su, gaskiyar da kake da ita ma ta tafi. Haka gogewa da kanka ko sa mai kwamfuta ya sake bugawa: wannan ƙirƙirar takardar bogi ce, hukuncinta ya fi na laifin tuƙi nauyi. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, ka nemi rasit.

Mun yi sulhu a gaban mai unguwa da shugabannin tasha. Sai na damu da rahoton?

E, ka gyara shi duk da haka. Sulhu yakan warware idan kuɗin gyara ya zarce ƙiyasi ko rauni ya tsananta, kuma a ranar rahoton za a ɗauko. Ku rubuta sulhun: nawa aka biya, na mene ne, ya haɗa da magani ko gyaran mota kawai, da sa hannun shaidu, a kai kwafi ofishin 'yan sanda. In kana son inshora ta biya, kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin kuɗi kafin ka sanar da su, domin yawancin takardun inshora sun hana hakan.

Idan an rasa rai fa?

A nan kada ka taka ko'ina ba lauya. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Fayil yakan bar ƙaramin ofis, a nemi shawarar ma'aikatar shari'a kan tuhumar da za a yi, kuma abin da ke cikinsa a ranar da aka tura shi ne za a yi aiki da shi. Don haka ƙarin bayani da hujja su shiga kafin a tura. Yafiyar iyalan mamaci tana da girma, amma ba ita kaɗai ke rufe tuhumar hukuma ba.

Iyalan mamaci su ma su karanta rahoton. Sunan marigayin, shekarunsa, ko fasinja ne ko mai tafiya a ƙasa, da ranar rasuwa in a asibiti ya cika bayan kwanaki, duk su dace da takardar shaidar mutuwa. Da waɗannan ake neman haƙƙi a inshora, da su kuma ake maganar diyya a kotun shari'ar Musulunci a jihohin da ke da ita.

Haɗarin a Nijar ya faru, a hanyar Maraɗi ko Ƙonni.

Can da Faransanci ake rubuta rahoton, 'yan sanda a cikin gari, jandarmomi a wajen gari. Direban da ya fito daga Jibiya ko Illela zai yi magana da jami'in da Hausa lafiya lau, amma abin da zai sa wa hannu ba zai iya karantawa ba ko da yana jin Turanci. Ya nemi wanda zai karanta masa kafin sa hannu, ya tabbata an kwafi lambar motar Najeriya da lambar takardar inshorar ƙetare iyaka daidai, ya kuma rubuta lambar rahoton da sunan ofishin da ya yi shi kafin ya tsallako gida.